Leɓe Ya Haɗu, Hanci Bai Tashi Ba: Nazarin Lamarin Wata Budurwa a Zariya

Wannan bayani ne a kan wata budurwa 'yar cikin birnin Zariya da aka haifa da tsagaggen leɓe, da yadda aka yi ta fama da hancinta tun tana zanen goyo har ta kai shekara 20. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma maƙwabciyarsu. Katunanta na asibiti da hotunanta sun daɗe suna ratsa hannuna. Ita da iyayenta sun yarda in rubuta, bisa sharaɗin ba suna, ba unguwa. Asibitocin ma ba zan ambata ba.

Maris 2004: haihuwa

A gida aka haife ta, a hannun ungozoma, ita ce 'yar fari. Da aka kai ta asibiti a kwana na uku nauyinta kilo 2.9 ne. Tsagar tana gefen hagu, kuma cikakkiya ce: ta raba leɓen sama, ta shiga ƙasan kafar hanci, ta ratsa dasashi, ta bi ganɗa har ƙarshenta. Irin wannan tsaga ta gefe ɗaya ta fi yawa a hagu, kusan ninki biyu na dama. A duniya gaba ɗaya ana ƙiyasta cewa jariri ɗaya cikin kimanin 700 ne ke zuwa da tsagewar leɓe ko ganɗa. Leɓen sama yana haɗuwa ne tun ciki bai wuce mako 7 ba, lokacin da mata da yawa ba su ma tabbatar suna da juna biyu ba. Duk da haka sai da wata maƙwabciya ta ce ai fitar magariba da uwar take yi ne ya jawo. Mahaifin bai saurare ta ba, ya ce haka Allah Ya so, aka yanka rago ranar suna.

Idon kowa a kan leɓe yake. Kakarta ta wajen uwa ce kaɗai ta damu da hancin. A kwanakin wankan jego, duk safiya sai ta shafa man shanu a yatsa ta riƙa jan gefen hancin da ya kwanta tana cewa, "Kishiyata, da wannan hancin za ki ƙwace mini miji?"

Tsohuwar ba ta yi nisa da gaskiya ba. Guringuntsin jariri yana da taushi a makonnin farko, saboda sinadarin uwa da ke yawo a jininsa, kuma a kan wannan ne likitan haƙori Barry Grayson da abokan aikinsa a Amurka suka gina dabarar da suka bayyana a 1993: a sa wa jariri wani faranti a baki mai ɗan ƙarfe da ke tokare hancin dare da rana kafin a yi tiyata. Bambancin shi ne farantin ba ya saki, yatsan kaka kuwa minti biyu ne. Ba a samu yi wa yarinyar nan wannan ba.

Oktoba 2004 zuwa Satumba 2005: an rufe leɓe da ganɗa

Likitoci suna da wata tsohuwar ƙa'ida ta goma uku: jariri ya kai mako 10, nauyinsa ya kai fam 10, wato kimanin kilo 4.5, ƙarfin jininsa kuma ya kai 10. A wata uku yarinyar tana kilo 4.0, don ba ta iya tsotso, nonon yana dawowa ta hanci. Aka koya wa uwar tatsa da ba ta da kofi da cokali a zaune. Sai da ta kai wata 7 sannan aka ɗinke leɓen, da salon da Ralph Millard ya ƙirƙiro a shekarun 1950, wanda ake juyo tsokar gefe ɗaya ƙasa a turo ta ɗaya gefen ta cike gurbin. Ɗinkin ya yi kyau. An rufe ganɗa tana wata 18.

Ba a taɓa hancin ba. A katin an rubuta a bar shi sai ta girma. Wannan ra'ayi ne da ya daɗe a tsakanin likitoci, saboda tsoron kada taɓa guringuntsin jariri ya tauye girman hancin. Harold McComb na ƙasar Ostireliya ya fara gyara hanci tare da leɓe tun shekarun 1970, ya kuma bi yaran har suka girma ya nuna hancin bai tauye ba. Yau likitoci da yawa haka suke yi. Amma a 2004 ba kowane mai ɗinkin leɓe ne ya rungumi wannan ba.

Yadda hancin yake

Sai an fahimci ginin sannan za a fahimci abin da ya biyo baya. Hanci kamar rumfa yake mai ƙafa uku: ginshiƙin tsakiya da ke raba kafofin biyu, da fiffike na dama, da fiffike na hagu. Dukkansu a kan ƙashin muƙamuƙin sama suke zaune. A wurin mai tsagar hagu, ƙashin da ya kamata fiffiken hagu ya taka babu shi sosai. Akwai rami, abin da ya rage kuma ya ja baya. Saboda haka gindin fiffiken ya zame waje, ya yi ƙasa, ya nutse. Tsokar leɓe da ta rabu tun a ciki ta ja gindin ginshiƙin tsakiya zuwa dama. Shamakin da ke cikin hanci ya bi ta: bakinsa na gaba ya karkata dama, cikinsa kuma ya lanƙwaso hagu ya tare hanyar iska. Guringuntsin da ke ba tsinin hanci siffa ya baje a gefen hagu kamar faifai.

Abin da mai kallo ke gani shi ne kafar dama a tsaye, ta hagu a kwance da faɗi, tsinin hanci kuma ya leƙa gefe.

2006 zuwa 2012

Ta shiga Islamiyya da firamare. Yara suka sa mata suna, ba zan maimaita shi ba. Tana barci baki buɗe, tana minshari, da hunturu leɓunanta su tsattsage. Akwai kuma ɗan rami da ya rage a dasashi, ta inda koko ko shayi ke ɗigowa ta hanci in ta yi gaggawa. Iyayen ba su koma asibiti ba bayan 2006. Ba sakaci ba ne kai tsaye: an ce musu aiki ya yi kyau, ba wanda ya rubuta musu cewa akwai sauran zango.

Zangon da aka tsallake shi ne dashen ƙashi a dasashi. Ana yin sa tsakanin shekara 8 zuwa 11, kafin haƙorin fiƙa na dindindin ya fito, domin haƙorin ya sami ƙashin da zai bi, gindin hanci kuma ya sami abin takawa. Boyne da Sands ne suka bayyana wannan tsari a 1972. Nata lokacin ya zo ya wuce ba wanda ya sani.

Agusta 2013: gwajin farko

Tana shekara 9 aka ji sanarwa a rediyo cewa wasu likitoci sun zo wani gari da ba shi da nisa, za su yi tiyata kyauta ta mako ɗaya. Mahaifin ya kai ta. Aka yanka ta cikin kafar hancin hagu, aka ɗaga guringuntsin da ya kwanta, aka ɗaure shi da zare a jikin na dama. Aikin bai kai awa ɗaya ba. Ba a taɓa shamakin ciki ba, ba a cike ramin ƙashi ba, ba a ba su robar da ke riƙe kafar hanci ba. Kwana uku aka sallame su, likitocin kuma suka tafi ƙarshen mako.

Hoton da aka ɗauka mako biyu bayan aikin yana nan, kuma gaskiya hancin ya tashi. Hoton sallar layya ta shekarar, wato bayan kimanin wata biyu, ya nuna ya fara komawa. Zuwa Afrilu 2014 ya koma yadda yake, da ƙarin abu ɗaya: tabon da ke cikin kafar ya tsuke ta, numfashin hagu ya ƙara wuya.

Mahaifiyar, wadda kunyar 'yar fari ba ta barinta ta kama sunanta, ta ce mini a lokacin, "Anti, yarinyar nan dai a ƙyale ta haka. An yanka, an ɗinke, ga shi jiya i yau."

2014 zuwa 2020: kemis da takunkumi

Shekara bakwai ba asibiti. Abin da aka gwada shi ne maganin ɗigawa na buɗe hanci da ake saya a kemis. Yana buɗewa na 'yan awoyi, don yana tsuke jijiyoyin jini na fatar ciki. Amma magani ne na kwanaki kaɗan. In aka zarce da shi, fatar tana kumbura fiye da da duk lokacin da ya sake ta. Ta kai ga kwalba ɗaya ba ta yi mata mako biyu, har kafar dama mai lafiya ta fara toshewa. An gwada turare da habbatus sauda, an gwada shaƙa man zaitun. Ba ɗayansu da zai miƙe guringuntsi.

A hoto kullum tana juya gefen dama, ko ta ja hijabi ta rufe baki da hanci. Da annobar korona ta zo a 2020 aka ce kowa ya sa takunkumi, ta ce mini, "Anti, ni fa wannan dokar ta yi mini daɗi." Da mutane suka ajiye nasu ita ba ta ajiye ba. Wannan maganar ce ta sa na matsa wa mahaifin.

Fabrairu 2021: awo

Aka kai ta wani asibiti da ke da likitan gyaran fuska da likitan haƙori da muƙamuƙi a wuri ɗaya. Tana gab da cika shekara 17. An ɗauki hoto ta fuskoki biyar, har da wanda ake ɗaga haɓa a ɗauka daga ƙasa, shi ne kuma wanda ba ya ɓoye komai. Ga abin da aka samu:

Tsayin kafar dama milimita 9, ta hagu 5. Faɗin kafar dama milimita 11, ta hagu 16. Gindin fiffiken hagu ya fi na dama ƙasa da milimita 3. Hoton sikanin ya nuna ramin dasashi a buɗe, shamaki ya jingina da bangon hagu.

An ba ta takardun tambaya biyu. Ta farko ita ce ma'aunin toshewar hanci da ake kira NOSE, wanda aka wallafa a 2004: tambaya biyar, sakamako daga 0 zuwa 100, yawan maki yawan wahala. Ta ci 75. Ta biyu ita ce ROE, tambaya shida a kan yadda mutum ke ganin hancinsa da yadda yake ji a cikin jama'a, jimla 24, yawan maki yawan gamsuwa. Ta ci 7. Da Turanci aka rubuta su, sai da na riƙa fassara mata.

An duba abu biyu kafin a tsara komai. Na farko, ko fuskarta ta gama girma. Ga mata yawanci shekara 14 zuwa 16 ne, maza 16 zuwa 18, ita ta wuce. Na biyu, ko muƙamuƙin sama ya ja baya har yana buƙatar a turo shi gaba da tiyata, domin in za a yi wannan, shi ake fara yi kafin hanci. Nata ya ɗan ja kaɗan, bai kai ga haka ba.

Ta zo da hoton wata 'yar ajinsu mai hanci har baka. Likitan ya karɓa ya duba, ya miƙa mata, sannan ya ce, "Ƙanwata, wannan hancin gidansu ne. Ke gefenki na dama za mu bi, shi za mu yi ƙoƙarin kamowa. Kuma ba zan ce miki za su zama ɗaya sak ba."

Mahaifin ya tambaya, "Likita, maganar da take yi ta hanci fa, za ta daina?" Aka ce masa a'a. Wannan daga ganɗa take, iska ce ke kuɓucewa ta baya lokacin magana, gyaran hanci ba ya kai wa can. Ya yi shiru. Na lura wannan amsar ta fi komai yi masa nauyi.

Tsarin da aka yanke: a daina maganin kemis nan take, a koma wanke hanci da ruwan gishiri da feshin da likita ya rubuta, a dasa ƙashi, a jira aƙalla wata 6, sannan a yi hanci.

Yuni 2021: ƙashi tukuna

An ɗebo ɓargon ƙashi mai laushi daga ƙugunta, aka cusa a ramin dasashi, aka rufe hudar da koko ke bi. An gaya musu tun farko cewa dashen da aka yi bayan fiƙa ta fito ba ya kamawa kamar wanda aka yi a kan lokaci. Ta yi mako biyu tana ɗingishi, mako shida tana cin abu mai laushi. Yajin aikin likitoci masu neman ƙwarewa da aka fara a faɗin ƙasa a Agusta 2021 ya ɗauki kimanin wata biyu, ya tura duba ta zuwa Nuwamba. Hoton ya nuna ƙashin ya kama, ko da yake wani sashe ya narke. Ɗigowar abinci ta tsaya. Gindin fiffiken ya ɗago: bambancin ya sauka daga milimita 3 zuwa 2, tun ba a taɓa hancin ba.

Disamba 2021: tambayar Baba

Saura wata ɗaya a yi tiyatar hanci mahaifin ya ja birki. Wani ɗan'uwansa ya ce masa leɓe lalura ce, amma hanci kwalliya ce, kuma canza halittar Allah ne. Bai sa hannu ba sai da ya je wurin malaminsu na zaure. Malamin ya karanto masa labarin Arfaja ɗan As'ad, sahabin da aka yanke wa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Hadisin yana cikin Abu Dawud da Tirmizi da Nasa'i. Ya ce masa gusar da aibi daban, neman ƙarin kyau daban, balle ga toshewar numfashi. Sannan ya ba da amsar da mu ma'aikatan asibiti ba mu yi tunanin tambayarta ba: a kwanakin jinya ta yi sujada da ishara, shaƙa ruwa da facewa a alwala kuma sunna ne, ta bar su har ta warke.

Janairu 2022: tiyatar

An gwada jininta, har da gwajin sikila, AA ce. Aikin ya ɗauki awa huɗu da 'yan mintuna.

An buɗe hancin gaba ɗaya ta hanyar yanka ƙarami a kan ginshiƙin tsakiya, aka ɗage fatar kamar murfi. A gefen hagu an yi yankan da ya hau bakin kafar, mai siffar U a kife, wanda Tajima na Japan ya bayyana a 1977, domin fatar da ta rufto ta koma ciki ta zama shimfiɗa. Tabon 2013 ya ci lokaci: ya manne guringuntsin da fata, sai da aka bi shi a hankali, aka kuma tarar gefensa ya yage a inda tsohon zaren ya ci.

Sai shamaki. An cire sashen da ya lanƙwashe, aka bar aƙalla santimita ɗaya ta sama da ta gaba don karan hanci kada ya rufta. An saki gindinsa daga inda ya zauna a dama, aka dawo da shi tsakiya aka ɗaure a ƙashi.

Abin da aka ciro daga shamakin bai isa gini ba, kuma a karkace yake. Guringuntsin kunne yana da taushi, ba zai iya da jan tabo da fata mai kauri ba. Saboda haka aka ɗauko na haƙarƙari na shida a dama, tsawon kimanin santimita 4, ta yanka a ƙarƙashin mama. Haɗarin wurin shi ne huda rigar huhu. An zuba ruwa a ramin aka hura huhun, ba kumfa. Aibin guringuntsin haƙarƙari kuma shi ne lanƙwashewa bayan an fere shi. Tun 1958 Gibson da Davis suka nuna cewa in aka fere shi daidai ta kowane gefe aka ɗauki tsakiyarsa, ya fi zama a miƙe. Haka aka yi, aka jiƙa gutsattsarin a ruwan gishiri na rabin awa don a ga wanda zai karkace tun yana kan tebur.

An yi amfani da uku: ɗaya a matsayin turke a cikin ginshiƙin tsakiya, ɗaya siriri a ƙarƙashin guringuntsin hagu don ya riƙe lanƙwasar bakin kafar, ɗaya ƙarami a ƙarƙashin gindin fiffike inda ƙashin dashe ya narke. Aka jawo gindin fiffiken ciki. Da gangan aka ɗaga kafar hagu ta fi ta dama: milimita 10.5 a kan 9. An san za ta sauka.

Wata shidan farko

An cire zare a kwana na 6, filastar karan hanci a kwana na 7. Ciwon ƙirji ya fi na hanci damunta, musamman in za ta yi tari ko dariya. Tsakiyar hunturu ne, ƙura ta cika gari, ɓawon jini yana bushewa a ciki. Ana wanke shi da ruwan gishiri sau huɗu a rana, a shafa man da aka rubuta. Ta koma sa goshi a ƙasa a hankali bayan mako uku, hanci kuwa sai bayan mako shida.

Robar riƙe kafar hanci ita ce babbar rigima. An ce ta sa ta dare da rana wata 3, sannan dare kaɗai wasu wata 3, ana cirewa a wanke. Ba a samun ta a kemis ɗin unguwa, sai da aka yi odarta. A mako na bakwai ta faɗa magudanar banɗaki. Kwana 12 aka yi kafin wata ta iso, kuma ba su gaya wa kowa ba sai a kwana na biyar, lokacin da aka yanka wani bututun roba mai laushi aka sa mata na wucin gadi. A waɗannan kwanakin tsayin kafar ya sauka daga 10 zuwa 9. A nan takunkumin ya yi rana: shi ya ba ta damar zuwa makaranta da roba a hanci ba wanda ya sani.

A wata na uku ta shigo gidana da kuka. Hancin ya kumbura, tsininsa ya yi tauri kamar ba nata ba, wata gwaggonta kuma ta ce ai na da ma ya fi. "Anti, an ƙara mini girma ne kawai," in ji ta. Na ɗauko hoton Fabrairu 2021 na ƙasan haɓa na ajiye kusa da madubi. Kumburin tsinin hanci yana kai shekara kafin ya sauka, ga mai fata mai kauri ma ya wuce haka. An faɗa mata kafin aiki, amma ji daban, gani a madubi daban.

Tabon ƙirji ya tasa, ya yi ja yana ƙaiƙayi, abin da ya fi yawa ga masu baƙar fata. An yi masa allurar tabo sau uku, tazarar mako shida-shida, ya kwanta. Na ginshiƙin hanci bai tasa ba.

Janairu 2023 da Janairu 2024: sakamako

A wata 6 tsayin kafar hagu milimita 9 ne. A wata 12 ya zama 8. A wata 24 yana nan a 8, dama 9. Faɗin hagu ya tsaya a 12.5, dama 11. Bambancin gindin fiffike milimita 1. Turken bai karkace ba.

NOSE ya sauka daga 75 zuwa 25 a shekara ta farko, 20 a ta biyu. Minshari ya ragu sosai, tana barci baki rufe in ba mura. ROE ya tashi daga 7 zuwa 17, sannan 19. Tambayar da ta ba maki mafi ƙanƙanta har yanzu ita ce ko tana jin hancin ya kai iyakar kyan da zai iya kaiwa.

Daga gaba, a tazarar hira, ba kowa zai lura ba. Daga ƙasa, kafar hagu ta fi zagaye, bakinta ya fi kauri. An ba ta zaɓin ƙaramin gyara a kan wannan, ta ce a bari. Maganar da take yi ta hanci tana nan yadda take. An tura ta wurin masu duba ganɗa da koyar da furuci.

Abin da na gani

Aikin 2013 bai faɗi don hannun da ya yi shi ba shi da kyau ba. Ɗaga guringuntsi da zare dabara ce sananniya, kuma ana yin gyaran tsaka-tsaki ga yara 'yan makaranta in tsangwama ta yi yawa. Ya faɗi ne don an ɗaga rufin rumfa an bar ƙafarta a rami, ginshiƙinta a karkace, sannan ba abin da ya riƙe ta lokacin da tabo ke ja. Tabo yana tsukewa watanni bayan an sallami mara lafiya, likitan mako ɗaya kuwa ba ya nan a lokacin. Da a wannan shekarar dashen ƙashi aka yi mata maimakon hanci, tana shekara 9 cif, da an dace da lokacinsa. A ganina wannan ce asara mafi girma a tarihin nan, kuma takarda guda mai jerin zangon aiki da shekarunsu, a hannun mahaifin tun 2005, da ta hana ta. Ƙungiyar Smile Train, wadda aka kafa a 1999, tana ɗaukar nauyin tiyatar tsagewar leɓe da ganɗa a asibitoci da dama a Najeriya ta hannun likitocin gida, kuma amfanin likitan gida shi ne yana nan ranar da roba ta faɗa magudana.

Aikin 2022 ya tsaya ne saboda an bi jeri: ƙashi, shamaki, turke mai ƙarfi, ɗagawa fiye da kima, roba wata shida. Ko da haka an rasa milimita 2.5 daga abin da aka gina a kan tebur. Ba zan ɗora wannan duka a kan kwana 12 ɗin nan ba, tunda saukar ta ci gaba bayansu, kuma ana ganinta ko ga waɗanda ba su yi fashi ba. Amma milimita guda ta tafi a gabanmu a waɗannan kwanakin.

Numfashi ne ya fi samun riba, shi ne kuma abin da ba wanda ya kawo ta asibiti dominsa. Daidaiton siffa ya samu har inda ido ke kaiwa a zaman yau da kullum, bai samu a ma'auni ba, kuma ban ga alamar zai samu ba. Mahaifin, wanda muryarta ce damuwarsa, har yau yana ganin aikin rabi aka yi, kuma ta fuskarsa yana da gaskiya. Gamsuwarta ita kanta ta biyo bayan awo da kusan shekara: a wata na uku lambobin sun fi na yau kyau, amma a lokacin ne take kuka. Ina jin maganar da likitan ya yi mata ranar da ta kawo hoton 'yar ajinsu ta yi aiki daidai da guringuntsin haƙarƙarin, domin da ta shiga ɗakin tiyata tana jiran hanci har baka, maki 19 ɗin nan ba za su samu ba.

A hoton bikin ƙanwar babanta na Disamba 2023 tana layin gaba, ba takunkumi. Har yanzu ta ɗan juya gefen dama.